Zauren Tambaya: In an ɓata maka suna a intanet, wuyan wa za a riƙe?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar abin da mutane ke zubawa a shafukan sada zumunta da wanda ya kamata ya ɗauki alhakinsa, shi ya sa na haɗa guda huɗu wuri ɗaya. Mun cire sunayen masu rubutowa da na waɗanda ake zargi, har da sunan shafi da na dandali in akwai ƙorafi a kansu, za ku ga dalili a amsar farko.

TAMBAYA TA FARKO, daga wata baiwar Allah a Bukoki, Yamai

Malam barka da aiki. Ni matar aure ce da yara uku, ina saida atamfa da leshi da turaren wuta daga gida, kuma kusan duk cinikina ta waya nike yi, in ɗora hoton kaya mai so ya kira. To wani shafi irin na tonon silili ɗin nan ya ɗauki hotona na ranar bikin ƙanwata ya haɗa da nimerona ya rubuta wai ni kawaliya ce ina kai ƴammata otal. Wallahi Malam tun ranar wayata ba ta huta ba, maza na kira har ƙarfe biyun dare, dangin maigidana sun gani, uwar mijina ko gaisuwata ta daina amsawa. Na sinyale, wato na kai ƙorafi ga kamfanin dandalin, ƙannena sun sinyale, amsar da ta dawo wai abin bai saɓa ƙa'idarsu ba. Mai shafin kuma ba wanda ya san ko wane ne. Shin ina iya kai kamfanin kotu tunda su ke da wurin, kuma na gaya masu sun ƙi cirewa?

AMSA

Hajiya sannu, Allah ya bi maki hakkinki. Wannan ƙazafi ne tsagwaronsa, kuma abin da ya fi ƙona min rai a wasiƙarki shi ne maganar surukarki, don rubutu ana iya goge shi amma abin da ya shiga zuciyar dangin miji sai a hankali.

Zan gaya maki gaskiya ko da ba daɗi. Wanda ya rubuta abin, shi doka ke iya kamawa, kuma da ƙarfi. Kamfanin kuwa yana da garkuwar da aka ƙera masa tun kafin ma a haifi wasu daga cikin masu karanta mu.

Ki duba mu nan. In da na buga wasiƙarki da sunan mutum na ce shi ne mai shafin, ya zamana ba shi ba ne, ba ke kaɗai za a kira ba, daraktan mujalla za a fara nema, saboda mun karanta, mun zaɓa, mun buga da hannunmu. Su kuwa manyan dandamalin nan hujjarsu ita ce su ba su rubuta ba, ba su karanta kafin ya fita ba, wuri kawai suka bayar jama'a na ajiye magana. A Faransa dokar 21 ga Yuni 2004 ta raba biyun nan a fili, mai bugawa daban mai ba da masauki daban, kuma lauyoyinmu da suka yi karatu da faransanci duk sun san wannan rabon.

Amma tushen abin Amurka ne, inda yawancin kamfanonin suke. A 1991 wata kotu can ta wanke kamfanin CompuServe don ba ya duba abin da ake rubutawa a wurinsa, sai a 1995 wata kotun ta ɗora wa kamfanin Prodigy alhaki saboda shi yana ƙoƙarin tace rubutu yana share na banza, wato wanda ya rufe ido ya tsira, wanda ya yi ƙoƙarin shara ya shiga uku. Ganin haka majalisarsu ta yi doka a 1996, sashe na 230, mai cewa ba za a ɗauki mai dandali a matsayin wanda ya buga ko ya faɗi maganar da wani ya kawo ba. Facebook sai 2004 aka kafa shi, kin ga garkuwar ta girme shi da shekara takwas.

Kuma shari'ar da ta fara gwada ƙarfin wannan doka kamar labarinki aka kwafa. A watan Afrilu 1995 aka tayar da bam a birnin Oklahoma mutum 168 suka mutu, ƴan kwanaki bayan nan wani da ba a san shi ba ya riƙa ɗora talla a dandalin AOL wai ana saida riguna masu yi wa mamatan ba'a, ya sa nimeron wayar wani bawan Allah mai suna Kenneth Zeran wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kira ya riƙa shigo masa ba ƙaƙƙautawa, zagi da barazanar kisa, ya yi ta gaya wa kamfanin, ana cirewa wani na sake fitowa. Ya kai ƙara, a 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko an sanar da kamfanin ma sashe na 230 ya kare shi. Har gobe a kan wannan hukuncin ake tafiya a can. A watan Mayu 2023 ma kotun ƙolinsu ta ƙi ɗora wa Twitter da Google da Facebook alhakin taimakon ta'addanci a ƙarar da dangin wani da aka kashe a harin Istanbul na 2017 suka shigar.

Turai ba haka suke ba, kuma ni a ganina su suka fi kusa da adalci. Ƙa'idarsu tun 2000 ita ce, ba a kama mai masauki da abin da bai sani ba, amma da zarar an sanar da shi cewa ga abu na haram ya ƙi cirewa da gaggawa to garkuwar ta faɗi. Sabuwar dokarsu ta ayyukan intanet da ta hau kan kowa a watan Fabrairu 2024 ta ƙara da cewa dole a ba mutane hanyar kai ƙorafi, a gaya masu dalilin hukuncin da aka yanke, a ba su damar ɗaukaka, kuma tarar manyan kamfanoni na iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya gaba ɗaya. Da a birnin Liyon na Faransa kike zaune da maganarki ta "na gaya masu sun ƙi cirewa" ta zama makami a hannunki.

To amma a Bukoki kike. Kamfanin nan ba shi da buro a Yamai, ba shi da ma'aikacin da wisiye, wato jami'in da ke kai takardun kotu, zai miƙa wa sammaci, ba shi da asusun da alƙali zai sa a riƙe. Ko kin ci shari'ar, karɓo diyyar wata doguwar tafiya ce da za ta cinye jarin atamfarki kaf. Ban ce haramun ne ki gwada ba, na ce kar ki fara da nan.

Ki fara da mai shafin. Dokarmu ta yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, sashenta na 29 ya yi magana kan ɓata suna ta hanyar na'ura. A 2022 an cire ɗauri daga ciki aka bar tara, sai a watan Yuni 2024 aka dawo da shi da wata dokar da shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu, yanzu ɓata suna ko zagi ta intanet ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa.

Kafin komi ki adana shaida, kuma a nan ne mata da yawa ke yin asara, don haushi da kunya kan sa mutum ya goge komi ya canza sim. Kar ki goge. Ki yi kaftir, wato ki ɗauki hoton fuskar waya, na rubutun yadda sunan shafin da rana da awa za su fito, ki kwafi adireshin rubutun kansa, ki ɗauki sharhin da aka yi a ƙasa, ki bar jerin kiran da ke shigo maki da dare yadda yake. In da hali ki je wurin wisiye ya buɗe shafin da kansa ya rubuta takardar shaida, wannan ta fi kaftir ɗinki nauyi gaban alƙali saboda ba wanda zai ce haɗa ta aka yi. Sannan ki shigar da ƙara wurin ƴan sandan farin kaya na PJ ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma doka ta yarda a yi ƙara kan wanda ba a san sunansa ba. Masu irin shafukan nan suna jin sun ɓuya amma yawanci sukan bar sawu, nimeron da ake tura masu gulma, ko wanda suke karɓar kuɗi da shi in sun ce a biya su cire, kuma sim a ƙasar nan da takardar shaida ake yankar sa. Ki kuma tambayi kanki su wa ke da hoton bikin nan, sau da yawa mai abin ba daga nesa yake ba.

Hotonki da nimeronki bayananki ne na kanki, akwai hukumar HAPDP da aka kafa don kare irin su, ki rubuta masu su ma. Shi kuma dandalin ki sake sinyale amma kar ki zaɓi "ƙarya ne", don ba sa zama alƙalan gaskiya da ƙarya tsakanin mutum biyu, ki zaɓi cin zarafi da kuma yaɗa bayanan mutum ba da izininsa ba, inda aka ba ki wurin rubutu ki fassara abin da aka ce da faransanci, saboda mai yiwuwa abin da ya duba ƙorafinki na farko na'ura ce da ba ta san me kawaliya ke nufi ba.

Maigidanki kuma ki sa ya raka ki wurin kai ƙarar, ranar da danginsa suka ga takardar da hatimi a kai maganar za ta fara sauya salo.

TAMBAYA TA BIYU, daga wani ɗan kasuwa a Tawa

Malam ina gaisuwa. Ni ne admin na gurup ɗin ƴan garinmu a WhatsApp, muna da yawa, wasu na Abijan wasu na Libiya wasu na gida, nan muke tara kuɗin gyaran rijiya da masallaci. Sai wani yaro daga waje ya saki vokal na minti shida yana cewa ma'ajinmu ya cinye kuɗin da munka tara ya sai mato, ya kira sunan mahaifinsa ya zage shi. Ni ina kasuwa ban saurara ba sai da dare, kafin nan an watsa shi gurup-gurup. Yanzu ma'ajin ya ce tunda yaron ba ya ƙasa ni zai kai ƙara don ni ke da gurup. Malam mi ne ne laifina cikin wannan?

AMSA

Alhaji, zama admin shi kaɗai ba ya mai da kai mai maganar. Laifin ɓata suna na wanda ya furta ne da wanda ya yaɗa, sai kuma wanda ya taimaka da saninsa. In yadda ka faɗa haka ne, ba ka sa shi ba, ba ka yaba masa ba, ba ka tura wa kowa ba, to kana da abin faɗa gaban kowane alƙali. A Indiya inda irin wannan rigima ta yi yawa babbar kotun Bombay ta yanke a 2021 cewa ba a kama admin da saƙon ɗan gurup sai in an nuna da haɗin bakinsa.

Amma kar ka kwanta da wannan, don akwai tambayar da ba ka amsa ba a wasiƙarka: da ka saurara da daren nan me ka yi? Ka goge ko ka bar shi ya kwana? Nan ne maganar take. Tun 2022 WhatsApp ya ba admin ikon goge saƙon wani ga kowa da kowa, kuma tun kafin nan akwai maɓallin rufe gurup ya zama admin kaɗai ke magana. Wanda ke da wannan iko ya ji zagin uban mutum ya yi shiru, zai sha wuya ya ce shi ɗan kallo ne.

Ga misalai biyu da ya kamata duk mai riƙe da shafi ko gurup ya sani. A Faransa wani ɗan siyasa mai suna Julien Sanchez, lokacin yana takara, wasu magoya bayansa suka rubuta kalaman ƙiyayya ga Musulmin birnin Nim a ƙarƙashin rubutunsa na Facebook, shi bai rubuta ba amma ya bar su makonni, kotu ta ci shi tarar yuro 3,000, ya kai har kotun kare hakkin ɗan Adam ta Turai, a watan Mayu 2023 ta ce hukuncin ya yi daidai, musamman da yake ɗan siyasa ne kuma shafin a buɗe yake ga kowa.

Na biyun a gida ne. A watan Yuni 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a gidan kason Yamai bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙarar ɓata suna, alhali rubutun da ta yi kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro bai kama sunansa ba, wani mai sharhi ne a ƙasa ya ambace shi. A ƙarshen watan Yuli kotu ta sallame ta. Ta ci shari'a, amma sai da ta yi fiye da wata ɗaya da rabi a tsare. Ina kawo maka wannan ne don ka gane cewa tsakanin "ba ni da laifi" da "kotu ta ce ba ni da laifi" akwai kwanakin da ɗan kasuwa ba ya son ya yi su nesa da shagonsa.

Ka lura kuma ba wanda ya kawo sunan kamfanin WhatsApp cikin rigimarku, kuma ba za a kawo ba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga wayar mai turawa zuwa ta mai karɓa, shi kansa ba ya jin vokal ɗin sai in wani ya sinyale, lokacin ne ake tura masa saƙonni biyar na ƙarshe. Yaron na ƙetare, kamfanin na Kalifoniya, kai kuwa kana Tawa kowa ya san ƙofar shagonka, shi ya sa ido ya dawo kanka. Wannan shi ne abin da ke damuna a duk maganar nan, nauyin yakan faɗo ne kan wanda hannu ya fi saurin kaiwa.

Abin yi yanzu, ka ajiye kwafin vokal ɗin a wuri ɗaya don shaida, ka cire shi daga gurup in lokacin gogewa bai wuce ba, ka yi naka vokal a fili kana cewa gurup bai yarda da wannan ba kuma duk mai zargi ya kawo shi gaban kwamiti, ka fitar da yaron har sai ya janye. Ka ƙara admin biyu ko uku, ɗaya cikin ƴan Abijan, don kar a sake yin awa takwas ba mai tsaro. Sannan ka ɗauki dattijo ɗaya da liman ku je gidan ma'ajin, mutumin da aka zagi mahaifinsa gaban ƴan garinsu na gida da na waje ba kuɗinka yake nema ba, so yake a wanke shi a inda aka ɓata shi. Kuma ku karanto lissafin kuɗin rijiyar a gurup, abin da ya shigo da abin da ya fita da rasit, duk wata. In lissafi na fili yake irin wannan vokal ba ya samun masu tura shi.

TAMBAYA TA UKU, daga wani ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni

Malam ni fa ban taɓa rubuta komi ba, partaje kawai nike yi, wani lokaci ma ina sa "kamar yadda na samu" a sama. Abokina ya ce ko haka ana iya kama mutum. Da gaske ne?

AMSA

Da gaske ne ƙanena, abokinka ya fi ka gaskiya. Sashe na 31 na dokar 2019 bai tsaya kan wanda ya ƙirƙira ba, ya haɗa da wanda ya miƙa wa wasu da wanda ya yaɗa bayanan da ke iya ta da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, kuma tun gyaran 2024 hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ne da tarar miliyan 2 zuwa 5, har ma in abin da aka yaɗa gaskiya ne. A farkon 2022 kotu a Yamai ta yi wa ƴan jarida biyu ɗaurin talala saboda sun sake wallafa rahoton wata ƙungiyar waje kan fataucin ƙwaya, ba su suka rubuta rahoton ba. "Kamar yadda na samu" ba ta kare kowa, ba a kotu ba, ba a addini ba, aya ta 6 a Suratul Hujurat cewa ta yi a bincika labari kafin a ɗauka.

Ni ina da ja kan faɗin kalmar "ta da hankalin jama'a", don riga ce da ke iya shiga wuyan mai ƙarya da na mai faɗin gaskiya duka, kuma ƙungiyoyin ƴan jarida sun daɗe suna wannan kuka. Amma ja na ba zai fito da kai daga kaso ba, dokar tana aiki yau. Hoton gawa, bidiyon tsiraicin wata, labarin tsaro da ba ka san tushensa ba, in sun iso wayarka su tsaya nan.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wani malamin makaranta a Talaje, Yamai

Malam in har kamfanonin nan sun fi ƙarfin kotunmu, mi zai hana gwamnati ta rufe su kawai kamar yadda Najeriya ta yi, kowa ya huta?

AMSA

Malam na fahimci haushin, amma rufewa ba ta hukunta kamfanin, mu take hukuntawa. Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, bayan ya goge wani rubutun shugaba Buhari, masu hali suka sa VPN, manhajar da ke zagaye toshewa, suka ci gaba da harkarsu, ƙananan ƴan kasuwa suka yi asara, daga baya a watan Yuli 2022 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce rufewar ta saɓa doka. Mu ma nan mun ɗanɗana, bayan zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet na salula kusan kwana goma, ka tambayi irin Hajiyar tambaya ta farko yadda cinikinta ya kasance, ko matan Adar da ke jiran vokal ɗin mazajensu daga ci-rani.

Abin da na yarda da kai a kai shi ne garkuwar ta yi faɗi da yawa. A 1996 dandali allo ne kawai, ka liƙa takardarka mai wucewa ya karanta. Yanzu kuwa na'urar kamfanin ce ke zaɓar abin da za ta tura wa kowa, kuma ta fi son wanda ke sa mutane tsayawa su yi faɗa a sharhi don nan tallarta ke tafiya. Wannan ya tashi daga mai ba da wuri ya koma sanƙira da ke zagaya kasuwa da maganar yana ɗaga murya ana biyansa, sannan in an zo ya ce shi ba shi ya faɗa ba. Facebook da bakinsa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba a Myanmar inda aka yi amfani da shi wajen hura wutar ƙiyayya ga Musulmin Rohingya. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na kasafin aikin tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya kaf kashi 13. To ina Hausa a ciki, ina Zabarmanci, ina Tamashek da Fulatanci, ga shi mu yawancin maganarmu ma da murya muke yi ba da rubutu ba.

Akwai hanyoyin da ba rufewa ba, kuma wasu na binsu. Jamus ta yi doka a 2017 ta ba manyan dandamali awa 24 su cire abin da haramcinsa a fili yake, da tarar da ke kai yuro miliyan 50. Kotun ƙolin Brazil a watan Yuni 2025 ta rage masu garkuwar, ta ce a wasu laifuka ba sai an jira umarnin alƙali ba. Amurka kanta a watan Mayu 2025 ta yi dokar da ta ba su awa 48 su cire hoton tsiraicin da aka ɗora ba da yardar mai shi ba. Wadda na fi sa wa ido ita ce ta Kenya, inda ɗan Farfesa Meareg Amare, malamin jami'a a Bahir Dar ta Habasha da aka harbe a watan Nuwamba 2021 bayan an yaɗa hotonsa da inda yake zaune a Facebook, ya shigar da Meta, kamfanin da ke da Facebook, ƙara a 2022, kamfanin ya ce kotun Kenya ba ta da hurumi, a watan Afrilu 2025 babbar kotu a Nairobi ta ce tana da shi.

Nijar ita kaɗai kasuwa ce ƙarama a idon kamfanin da ke lissafin jama'arsa da biliyan, amma Hausa ba ta tsaya a Birnin Ƙonni ba, masu jin ta sun bazu har Kano da Kumasi da Sudan. Abin da zan so in ga hukumominmu sun nema, su da maƙwabta, abu uku ne kawai: wakilin kamfani da za a iya miƙa wa takardar kotu a yankin nan, ma'aikata ƴan Adam masu jin harsunanmu da ke sauraren ƙorafi, da wa'adin kwanaki da in an sanar da su ƙazafi ko barazana suka wuce shi ba su yi komi ba to su biya diyya. Kuma alƙali ya zama shi ke cewa wannan haram ne wannan halal, ba ofishin wani mai mulki ba, in ba haka ba za a wayi gari an cire sukar ma'aikata an bar hoton Hajiya a wurin.

Masu tambaya kan tallan biza da aikin ƙasashen Larabawa na damfara da ake biyan kuɗi a ɗora, wannan hukuncinsa daban ne tunda kamfanin ya karɓi kuɗin tallan, wasiƙunku na hannuna, za mu ɗauke su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.